Saƙar Safa da Hannu: Jawabi ga Hausawa Mazauna Lambata



Mu 'yan kasuwa aka ba dama mu yi magana yau, kuma abin da muka zaɓa shi ne saƙar safa da hannu. Wani zai ce, "Haba Alhaji! Duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin faɗa sai safa?" To, a yi mana haƙuri a saurara.

Garin nan a bakin hanya yake. Motocin Suleja zuwa Minna ta nan suke bi, haka masu karkata zuwa Lapai, Agaie da Bida. Albarkar wannan hanya ce ta zaunar da mu, amma ita ce kuma ke janye mana yara. 'Yan matanmu na bin motoci da farantin talla har bayan magariba, samari kuwa suna zaman kashe wando a bakin tasha. Faɗa kawai ba zai dawo da su gida ba, sai an sa masu wani abu a hannu wanda zai riƙe hankalinsu. Saƙa tana cikin irin waɗannan abubuwa, kuma ba ta bukatar wuta ko shago.

Kada a ɗauka baƙon abu ne. Daga cikin tsofaffin safunan saƙa da masana suka gano akwai na auduga, fari da shuɗi, da aka tono a Masar, masu shekara 700 zuwa sama. Sai a 1589 wani Bature a Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa. Mu ma a gida, maza ne masaƙa, maza ne kuma suka shahara da ɗinkin hula da aikin babbar riga. Saboda haka yaro namiji in ya riƙe zare bai yi abin kunya ba.

Kayan aiki kaɗan ne: ƙullin zare, kibiyoyin saƙa huɗu ko biyar masu tsini gaba da baya, allura mai babban kafa, da almakashi. Mai fara koyo yana iya somawa da kwarashi, tunda yawancin iyayenmu mata sun iya shi.

Yadda ake yi kuwa, daga bakin safa ake farawa. A jera idanun zare a raba su kan kibiya uku ko huɗu, a riƙa saƙawa ana zagayawa, don safa ta fito ba ɗinki. Bakin ana yi masa biyu gaba, biyu baya, shi ne ke sa ya kama ƙafa kamar roba. Daga nan a miƙe har idon sawu. To, a nan gizo ke saƙar, wato dunduniya. Rabin idanun ake warewa a saƙa su kaɗai, a je a dawo, sannan a riƙa ragewa har saƙar ta lanƙwasa ta yi mazaunin dunduniya. Sai a tsinto idanu daga gefe da gefe, a koma zagaye, a rage har yawansu ya dawo yadda aka fara. In an kusa yatsu a sake ragewa, a rufe da allura. A nan dunduniya mafi yawan masu koyo ke ajiye aiki. Maganinsa shi ne a fara da safar jariri: ƙarama ce, in ta ɓaci a warware a sake, zare bai yi asara ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai jan kunne guda biyu. Na farko, yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, in ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Lokacin hunturu da ake shiga da garwashi ɗaki, a nisanta ƙafar yaro daga kasko. Na biyu, a juya safar jariri a datse duk wani silin zare da ke ciki, don yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu.

Yanzu maganar kuɗi, tunda mu 'yan lissafi ne. Gaskiya ɗaya ce: safar manya ta hannu ba za ta yi gasa da ta kanti ko ta gwanjo ba. Kwanakin da za ka yi kana saƙa ƙafa biyu, in ka lissafa su, ba mai biyanka. Ku saƙa wa tsoho don fita sallar asuba, ko ku aika tsaraba Kano da Katsina, inda muku-mukun Disamba da Janairu ya fi namu tsanani. Inda ciniki yake shi ne kayan jarirai: safa, hula da 'yar riga. Jariri jikinsa saurin yin sanyi yake, balle bakwaini, shi ya sa ma'aikatan asibiti ke cewa a rufe masa kai da ƙafa. Haihuwa kuwa ba ta yankewa, kayan barka ma haka.

Kada mu raina aikin hannu. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, ginin tukwane ta koya tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta garin Abuja na da, wato Suleja ta yau, kuma aikin hannunta ne ya kai hotonta kan takardar naira 20.

Roƙonmu ga ƙungiya guda uku ne. A nemo mata biyu ko uku da suka iya saƙa a cikinmu, a girmama su, a riƙa ba su ɗan abin sabulu. A ware yammacin Alhamis ko Juma'a, tunda ba makarantar allo, yara su zauna da su. Mu kuma masu zuwa sari Suleja da Kano, kowa ya riƙa sa ƙullin zare ɗaya ko biyu cikin kayansa saboda ajin. In muka fara da damina, kafin hunturu ya kama mun ga safar farko a ƙafar 'ya'yanmu, in Allah ya so.

Allah ya sa albarka a hannuwan yaranmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.