Kafin Ka Tsaya Wa Wani Beli, Ka San Abin Da Ka Ɗauka

 

Wani mai sauraronmu daga Soba, kudancin Khartoum, ya aiko da tambaya. Ya ce abokin cinikinsa na kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke Omdurman ya shiga hannu, 'yan uwa kuma sun taso shi gaba wai ya je ya tsaya masa. Shin ya sa hannu ko kuwa? To Malam, amsar taka ce, amma ta kowa ce.

Beli, wanda a Sudan ake cewa damana, ba wanke mutum daga laifi ba ne. Aron sa aka ba ka. Shari'a tana nan, kai kuma ka yi alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi.

Dokar bin kadin laifuka ta Sudan ta 1991 ta tsara abin daki-daki. Ɗan sanda zai iya tsare mutum awa 24 don bincike. Bayan nan sai mai gabatar da ƙara, wato wakilin niyaba, ya ƙara har kwana 3. Abin da ya wuce haka sai da umarnin alƙali. Saboda haka idan an kama naka, ku riƙe ranar da lokacin, ku fara lissafi.

Sannan ba kowane laifi ake ba da beli iri ɗaya ba. Laifin da hukuncinsa kisa ne ko haddin yanke hannu, babu beli. Laifin da ya shafi dukiyar gwamnati ko cakin banki da ya dawo babu kuɗi, ba a sakin mutum sai an ajiye kuɗin da bai gaza wanda ake ƙara a kai ba, ko takardar lamunin banki. Fatake, ku buɗe kunne a nan. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, na cakin wofi, ya kai 'yan kasuwa da yawa kurkukun Huda da na Kober, inda suka yi zaman jiran biya. Kada ka rubuta cak a kan kayan da ba su iso ba tukuna.

Makiyaya kuma, idan rigimar gona ta kai ga rauni, har maganar diyya ta shigo, ana iya neman a ajiye kimanin abin da kotu za ta yanke. Sauran laifuka kuwa, alkawarin mutum da kansa, ko na mai tsaya masa, yakan wadatar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Da zarar ka sa hannu, an rubuta adadin kuɗi a kanka. Mutumin nan ya tsallaka Adre ya shige Chadi? Kai za a kira. Ka kasa kawo shi, a ce ka biya, ka ga shanun da ka yi shekaru kana kiwo sun tafi kasuwa. A Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su karɓi kashi 10 cikin 100 su tsaya wa mutum. Kai fa zumunci ne ya kai ka, ko sisi ba ka ci ba.

Ba cewa muke kar a taimaki ɗan uwa ba. Baƙo a ƙasar mutane, in nasa ba su tsaya masa ba, wa zai tsaya? Amma ka tambayi kanka: na san gidansu? Na san inda garkensa yake kwana? In ya gudu, zan iya biyan adadin nan? Ka sa a karanta maka takardar, a fassara maka Larabcin, ka kuma karɓi rasit a kan duk abin da ka ajiye.

Idan kuma ka ga take-takensa na shirin gudu ne, kada ka zauna jira. Doka ta ba ka damar komawa wurin wakilin niyaba ko alƙali ka ce ka janye, a sake kama shi, a sauke maka nauyin.

Malam na Soba, ka ji. Allah Ya raba mu da tsautsayi, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.