Alkawarin "Duba Sashe Kaza"



Duk lokacin da marubuci ya ce "duba sashe na 4" ko "duba jadawali na 7", to, alkawari ya yi wa mai karatu cewa in ya je can zai tarar da abin da aka ambata. Ana nan sai a zo gyaran littafin, a cire babi ɗaya, a cusa wani a tsakiya, lambobi duk su gusa. Ishara tana nan daram, amma abin da take nunawa ya ƙaura. Ku ƙaddara ma'aikacin jinya ne littafin jagora ya tura shi jadawalin awon magani, ya je ya iske wani jadawali dabam. Wa zai ce masa wannan ƙaramin kuskure ne?

Masana kwamfuta sun daɗe da nemo wa wannan cuta magani. A manhajar LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina cikin shekarun 1980 bisa TeX ta Donald Knuth, marubuci ba ya rubuta lamba da hannunsa. Kowane sashe sai ya raɗa masa laƙabi, in zai yi ishara ya kira laƙabin. A zagayen farko na harhaɗa littafi manhajar takan tattara laƙabai da lambobinsu a wani fayil na gefe, a zagaye na biyu ta cike gurabe. In ta nemi laƙabi ta rasa, sai ta buga alamar tambaya biyu, ??, a wurin, kana ta rubuta gargaɗi.

Haka kuma Sphinx, wadda Georg Brandl ya fitar a 2008 domin littattafan jagora na harshen kwamfuta Python. Ita ma tana gargaɗi, sai dai akwai isharorin da takan yi shiru a kansu, sai an ba ta umurnin -n sannan ta fallasa su duka. In aka ƙara mata -W, kowane gargaɗi ya zama kuskure, aikin ya faɗi har sai an gyara.

Jama'a, a nan gizo ke saƙar. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma fa sai kunnen ya saurara. Gargaɗi in ya yi yawa ido yakan saba da shi: yau biyu ne a bari sai gobe, baɗi sun zama ɗari, na gaske ya ɓace a cikinsu. Shi ya sa nake ganin gara na'ura ta tsayar da mu da ta yi mana raɗa mu wuce.

Saboda haka, ko kundin digiri kake rubutawa ko takardar umurni ta ofis, ka riƙe abu uku. Kada ka rubuta lambar sashe da hannu, domin na'ura ba ta san ishara ce ba balle ta bincika. Kada ka saki takarda da sauran gargaɗi ko da guda. Na uku, ka bi kowace ishara da idonka, domin laƙabi yana iya kasancewa nan alhali ba shi ka nufa ba, kuma wannan na'ura ba za ta gane ba.

Mai karatu ba ya nan lokacin da muke rubutu, amana ce ya ba mu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.