Ruwan Gishiri da Maganar Manya

Ku tuna watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas. Wayoyi suka yi ta ƙara da tsakar dare, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Masu boko da 'yan kasuwa duk suka bi, har aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa ransu. Hujjar ita ce wai daga bakin wani babba saƙon ya fito. Kaɗan ne suka tambaya ta yaya gishiri zai kashe cutar da ke cikin jini.

Wannan hali yana nan har a gonakin garin Kwadon. Manomin tumatir ya ga tsutsa ta huda masa 'ya'ya, sai ya ninka maganin feshi don mai shago ya ce, alhali mai shagon ciniki yake nema. Wani kuma ya ce ai kowa haka yake yi, sai ka ce yawan masu yi shi ne shaida. Girmama na gaba tarbiyya ce, ba mu ce a bari ba. Amma dattijon da ya ƙware kan lokacin dashe ba lallai ne ya san ma'aunin guba ba. Ma'aunin yana rubuce a jikin kwalba, malamin gona ko ɗanka ɗan makaranta zai karanta maka kafin ka cika tankin feshi.