Tsohon Labarin Soyayya a Bakin Mutanen Damagaram

 

A 1813 Jane Austen ta Ingila ta fitar da Pride and Prejudice, labarin 'yan mata biyar da uwarsu ta ƙosa ta aurar. A 2018 Ibi Zoboi ta ɗauke shi ta kai unguwar baƙaƙen fata a Brooklyn ta Amurka, a 2019 kuma Soniah Kamal ta mayar da shi Pakistan da sunan Unmarriageable. Duka biyun sun buɗe ƙofa ga mutanen da tsofaffin littattafai suka bari a waje.

Wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haifi labaran. A nan gida, André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya ɗora Sarkin Damagaram Tanimun a dandalin wasan kwaikwayo. Littattafan soyayya na Kano kuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun daɗe da tsallako iyaka suna shiga ɗakunan matanmu.

Sai dai sauya suna kaɗai bai isa ba. Abin da ya hana uwar 'yan matan Austen barci shi ne dokar gado: in mijinta ya mutu, gidan na wani ɗan'uwansa namiji ne. A shari'armu 'ya mace tana da rabonta. Don haka marubucin Damagaram dole ya nemo abin da ke raba masoya a garinmu. Ku dubi ranar da dattawa suka je neman aure. An shimfiɗa tabarma, an ajiye goro, an gaisa, sai wani kawu ya sunkuyo ya tambayi asalin yaron. Da aka ce kakansa mahauci ne, sai aka ce a je za a yi shawara. Kowa a zauren ya san maganar ta mutu. A nan labarin yake.

Mutanen da za su cika shi kuwa muna da su. Gidan sarautarmu daga Barno ya samo tushe. Unguwar Birni ta sarakuna ce da malamai, unguwar Zango kuwa masaukin ayarin Buzaye da fataken Larabawa. Ga Fulani, ga Tubawa, ga Kara-Kara, unguwar da aka keɓe wa kutare, wadda Aïcha Macky ta nuna wa duniya a fim ɗinta na 2021. Me zai hana jarumar ta zama Babarbariya, saurayin Buzu, ko ɗan Kara-Kara mai son 'yar Birni? Sharaɗin ɗaya ne: kada a shigo da su don a yi dariyar Hausarsu. A ba su iyaye, da buri, da kuskure, da mutunci.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Harshe kuwa yana buƙatar abin karantawa. Ɗalibai, ku zauna da kakanninku ku ji yadda aka yi aurensu da wanda aka hana su, sannan ku rubuta. Malamai da masu hali, ku taimaka a buga, domin yarinyar Zango ta sami littafin da ya san unguwarsu.

 Allah ya sa mu dace.