Jean Prouvé: Maƙerin da Kujerunsa Suka Shiga Gwanjo



Mutumin da zan yi magana a kansa yau Bafaranshe ne, Jean Prouvé. An haife shi a Faris a 1901, ya tashi a garin Nancy, a can kuma ya rasu a 1984. Littattafai suna jera shi cikin manyan masu zanen gine-gine, amma shi bai taɓa riƙe takardar wannan sana'a ba. Maƙeri ne. Tun yana saurayi aka kai shi koyon ƙira wurin Émile Robert, kuma kafin ya cika shekara 25 ya buɗe tasa maƙerar a Nancy.

Ku ɗauki kujerarsa ta 1934, wadda ake kira Standard. Duk wanda ya taɓa jingina a kujera ya san cewa nauyin jiki baya yake komawa. Prouvé ya lura da haka, sai ya yi ƙafafun gaba da siririn bututu, na baya kuwa ya lanƙwasa farantin ƙarfe ya yi su da faɗi, su fi kauri daidai inda mazauni ya haɗu da majingini, wurin da kujera ta saba karyewa. Babu ado ko ɗaya a jikinta. Siffarta ta fito ne daga inda nauyi yake sauka, kuma a ganina nan ne duk hikimarsa take. Farantin ƙarfe a shimfiɗe ba shi da ƙarfi, yaro ma zai tanƙwara shi, amma da zarar an naɗe shi sai ya ɗauki kayan da ya ninka nauyinsa. Wanda ya tsaya a gaban injin lanƙwasa da hannunsa ne kaɗai yake sanin iyakar wannan abu.

Don wa yake yin waɗannan kaya? Ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'ar Nancy, azuzuwa, ofisoshi, asibitoci. A yaƙin duniya na biyu ya shiga cikin masu gwagwarmaya da mamayar Jamus, aka naɗa shi magajin garin Nancy a 1944, ya kuma ƙera ƙananan gidaje masu mita 6 kowane gefe don waɗanda yaƙi ya raba da muhallansu, gidajen da 'yan mutane kaɗan za su iya harhaɗawa a yini guda.

A 1947 ya kafa masana'anta a Maxéville. Kuɗin faɗaɗa ta ya fito daga kamfanin alminiyam na Faransa, kuma a 1953 masu hannun jari suka rinjaye shi, ya bar wurin. Ya ci gaba da zane, ya koyar a Faris shekara da shekaru, shi ne ma ya shugabanci alƙalan da suka zaɓi zanen Cibiyar Pompidou a 1971. Amma an raba shi da injinansa, kuma ban ga wani abin da ya yi daga baya da ya kamo ƙarfin ayyukansa na farko ba.

Labarin ya taɓo mu ta Yamai. A 1949 aka ɗauko wani gida nasa na ƙarfe da alminiyam a jirgin sama, gunduwa-gunduwa, aka kafa shi a can, sannan aka kai biyu Brazzaville a 1951. Rufinsa biyu ne, iska mai zafi tana fita ta tsakaninsu, ga baranda mai makarin rana da ake iya juyawa. Dabara ce mai kyau, amma mu faɗi gaskiya: don Turawan mulkin mallaka aka yi shi, a ƙasar da magina suka daɗe da sanin yadda katangar laka take riƙe sanyi, kuma tsadarsa ta hana a yi fiye da uku.

Wajen shekara ta 2000 wani dillalin kayan tarihi daga Faris ya sayi gidajen, aka kwance su aka mayar Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York a kan dala kusan miliyan 5. Kujerun da aka ƙera wa ɗalibai su ma sun bi wannan hanya, yanzu sai mai hannu da shuni. Na Yamai ya shekara hamsin a ƙasar Nijar, aka ɗauke shi, dandamalin siminti kawai aka bari. Manthia Diawara, ɗan Mali, ya yi fim a kan wannan al'amari a 2008, ina roƙon ɗalibanmu su neme shi su kalla.