Jami'o'i Su Riƙe Zumunci

A 1977 ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka ta wargaje, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya, amma jami'o'in Makerere da Nairobi da Darussalam ba su yanke zumunci ba. Sun ci gaba da tuntuɓar juna har ƙungiyar ta farfaɗo a 2000. Wani zai ce malami ba ya buɗe iyaka. Gaskiya ne, amma shi ke yaye waɗanda za su zauna a teburin sulhu gobe. Haka nan, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS, nauyin riƙe zumunci yana wuyan jami'o'in Maraɗi da Katsina da Sakkwato. Su yi musayar ɗalibai, su haɗa hannu kan binciken gero da kwararowar hamada, kada su jira 'yan siyasa.