WIWI KO BABA? JAWABI A ƘOFAR MATA

Na gode da kuka rufe rumfuna kuka zo.

Shekaranjiya wani ɗan ƙanena ya same ni da magana, wai ya ji Turawa sun ce tabar wiwi tana gyara gona, yana so ya jarraba a gonar gado. Na tabbata ba shi kaɗai ya ji ba, don haka na ce sai mun yi maganar a fili.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wiwi iri biyu ne, akwai mai bugarwa, akwai wanda ake nomawa domin zare da igiya. Shi na biyun saiwarsa tana nitsawa ƙasa ƙwarai, inuwarsa kuma tana kashe ciyawa. Amurka ta halatta nomansa a 1918, a'a, ku gafarce ni, a 2018, bisa sharaɗin abin da ke bugarwa a cikinsa kada ya wuce kashi 3 cikin 1,000. Gana ma ta yi doka irin wannan a 2020. Amma fa ba su gaya wa yaron cewa tsiron nan mayunwaci ne ba. Yana cin taki kamar masara, yana son ruwa. Wanda gonarsa ta gaji ya shuka shi, ya ƙara mata gajiya ke nan.

Sa'an nan ga doka. A 1966 gwamnatin soja ta yanke wa mai shuka wiwi kisa ko ɗaurin shekara 21. An sassauta daga baya, amma tun da aka kafa hukumar NDLEA a 1989 ba ta daina kama manomansa ba. Ba attajirin da ya sa aka shuka ake kamawa ba, wanda aka tarar da fartanya a hannu shi ke kwana a kurkuku.

To, ku juya ku dubi karofin nan da ke bayanku, wanda aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa. Da me ake rinin? Da baba. Baba kuwa dangin wake da gyaɗa ne. In ka tuge shi za ka ga 'yan ƙululu a saiwarsa, su ne ke jawo abincin ƙasa daga iska, watau irin abin nan da muke saya da tsada a buhun yuriya. Kakanninmu ba su karanta wannan a makaranta ba, sun dai ga gona tana kyau bayan baba. Jamusawa suka fito da shunin kanti a 1897, noman baba ya yi ta ja baya, ga ramukan rini nan da yawa sun bushe.

In zare kuke so, ga rama. Ganyenta har kama yake da na wiwi, ga igiya, ga kwaɗo, ba kuwa ɗan sandan da zai tambaye ka.

Fari kuma, waɗanda suka ga na 1973 sun san shi. Mutanen ƙasar Maraɗi, daga wajen 1984, sai suka daina sare tohon itatuwa a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Ba su sayi iri ba, ba su ci bashi ba.

Ni abin da na roƙi ɗan ƙanena, ya ware kunya goma a gefen gona ya zuba baba bana. Ku kuma marina da ke nan, in ya kawo shi bayan kaka, ku saya da daraja.